Gyaran famfo da na'urar gano kifi a wani shago na bakin tafkin Lagdo

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo a shekarar 1982, bayan aikin da injiniyoyin ƙasar Sin suka fara a 1977, kogin Binuwai ya tara tafki mai faɗin murabba'in kilomita 586 a kudu da Garwa a arewacin Kamaru, kuma kamun kifi ya jawo Musgun da Kotoko da Hausawa da wasu ƙabilu da dama zuwa gaɓarsa. Masuntan da suka gaji sana'ar ba sa buƙatar kowa ya koya musu yadda ake kwarfe ruwa ko inda giwan ruwa ke kwanciya. Amma a 'yan shekarun nan an samu wani sabon rukuni na masu jirgi, 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka ajiye aiki, waɗanda ke sayen jirgi mai inji su ɗora yara a kai, sannan su haɗa masa famfon fitar da ruwa mai aiki da batir da na'urar gano kifi, saboda sun ga ana amfani da su a bidiyoyin intanet. Ina cikin wannan rukuni, kuma dominsu nake rubuta abin da na gani a wani ƙaramin shagon gyara da ke kusa da kwatar masunta a garin Lagdo, inda na kai jirgina bayan kayan nan biyu sun ƙi yin aikin da aka saye su dominsa.

Shagon rumfar kwano ce marar allon suna, mai shagon kuma asalinsa makanikin injin jirgi ne, irin Yamaha Enduro ɗin nan da suka cika tafkin, daga baya ne ya koyi aikin waya da gyaran faiba. Yara biyu ke taya shi. Jirgina na faiba ne, na hannu, tsawonsa mita 7, da inji mai ƙarfin doki 40. Ƙorafina guda uku ne. Kowace safiya ana samun ruwa ya kai idon sawu a cikin jirgin. Famfon yana ƙara amma abin da yake fitarwa bai taka kara ya karya ba. Na'urar kuwa da zarar an ba inji wuta sai lambar zurfin ruwa ta riƙa ƙyaftawa ta ɓace, idan kuma an tsaya sai ta cika allonta da hotunan kifi, a jefa koma a janyo babu komai.

Abin da ya fara ba ni sha'awa game da mutumin shi ne ya ƙi taɓa famfon sai an gano ta inda ruwan ke shigowa. Na je da niyyar sayen famfo mafi girma, akwai kuma guda a rataye a rumfarsa wanda da ya so da ya sayar mini nan take, amma ya ce, “Alhaji, ku bari mu san mai shigo da ruwan tukuna, kafin mu yi maganar mai fitar da shi.” Ya sa yaransa suka janyo jirgin gaɓa, suka kwarfe shi, suka goge da tsumma har ya bushe ƙayau, sannan suka barbaɗa toka a ƙasansa tun daga gaba har baya, musamman wajen allon bayan jirgi inda ake rataya inji da kewayen toshiyar da ake cirewa don tsiyaye ruwa. Da aka mayar da jirgin ruwa aka bar shi tsaye ba tare da kowa a ciki ba, ba a daɗe ba sai ga siraran layuka biyu masu duhu sun keta tokar, kowanne yana nuna inda ya faro. Dabara ce mai arha, kuma ta fi dacewa da mu fiye da shawarar da ake yawan ji a bidiyoyin masu jiragen teku, waɗanda ke cewa a ɗanɗana ruwan, in da gishiri to ɓula ce, in babu to ruwan sama ne. A tafkunan Lagdo da Maga da kogin Logon duk ruwan daɗi ne, saboda haka harshe ba zai gaya wa mutum komai ba, sai dai hanci, wanda zai iya sanar da shi idan fetur ya gauraya da ruwan.

Layi na farko ya fito ne daga toshiyar, wadda robarta ta bushe ta tsage saboda rana. Wannan ƙaramin abu ne, canji kawai aka yi. Layi na biyu shi ne mai ban tsoro, domin daga ramukan sukurorin da aka kafa kunnen na'urar gano kifi da su yake fitowa, wato ɓangaren nan da ake nutsarwa a ruwa. Mai gyaran wayar babur da ya haɗa mini kayan a Garwa ya huda allon bayan jirgin a ƙasa da layin ruwa, ya ɗaura sukurori babu gam babu komai. Allon bayan jirgin faiba sau da yawa katako ne a ciki aka lulluɓe shi da faiba, kuma da mai shagon ya cire sukuru ɗaya ya danna gefen ramin da babban yatsansa, sai wani ruwa mai launin shayi ya tsattsafo, da wari irin na ruɓaɓɓen itace. Katakon ya fara sha. Idan aka bar shi haka, wata rana nauyin inji da girgizarsa su ne za su tsaga allon a tsakiyar tafki. Ya faɗaɗa ramukan har ya kai ga katako mai lafiya, ya bar su a rana suka bushe sosai, ya cike su da rezin, wato ruwan gam ɗin da ake aikin faiba da shi, sannan ya manna wani ɗan allo na roba mai kauri a bayan jirgin domin a riƙa ɗaura kunnen a jikinsa, ta yadda ko za a gusar da shi sau goma ba za a sake huda jirgin ba. A ganina wannan ɗan allo shi ne abu mafi amfani da na biya kuɗinsa a shagon.

Ya kuma jawo hankalina ga cewa ba duk ruwan da ke cikin jirgi ne na ɓula ba, kuma sabon mai jirgi yakan ɓata kuɗi yana neman ɓular da babu ita. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Buɗaɗɗen jirgi mai faɗin murabba'in mita 10, idan aka yi ruwa mai milimita 50 cikin dare, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, zai wayi gari da lita 500, wato rabin tan na nauyi, ba tare da ko tsaga ɗaya a jikinsa ba. Ga kuma ruwan da koma ke shigowa da shi duk lokacin da aka janyo ta, da wanda igiyar ruwa ke watsowa idan iskar yamma ta taso. Haɗarin ruwan da ya taru bai tsaya ga nauyinsa ba: idan jirgi ya karkata, ruwan gaba ɗaya yakan gangara gefen da ya karkata ya ƙara danne shi, shi ya sa jirgin da ruwa ya kai ƙwauri a cikinsa ke iya kifewa da igiyar da ba ta isa ta motsa busasshen jirgi ba.

Yawancin jiragen da ake kawo masa na katako ne, na kuma ga yadda yake bi da masu su a lokacin da nake jiran nawa. Jirgin katako da ya daɗe a gaɓa cikin hunturu da zafin Maris da Afrilu, katakansa sukan tsuke su bar 'yan kafofi a tsakaninsu, idan aka sa shi a ruwa sai ya riƙa yoyo ta ko'ina, mai shi ya ɗauka an sayar masa da ruɓaɓɓen jirgi. Mai shagon yakan ce a bar shi ya jiƙa tukuna ana kwarfewa, katakan su kumbura su haɗe, inda ya ci gaba da yoyo bayan haka shi ne ake cusa wa auduga ko tsumma a bi da kwalta. Yana ƙin shafa rezin a kan jiƙaƙƙen katako ko da mai jirgi ya matsa masa, domin ba ya kamawa, kuma inda ya ɗan kama yakan kulle laima a ciki ta ruɓar da itacen.

Sai da aka gama da wannan ya waiwayi famfon. A jikinsa an rubuta 500, kuma wannan lamba galan ce ta Amurka a awa ɗaya, wato kimanin lita 1,900. Mai 1,100 kuwa yana daidai da lita 4,100 da 'yan kai. Abin da mai sayarwa ba ya gaya wa mutum shi ne ana auna waɗannan lambobi ne ba tare da tiyo ba, ba tare da ruwan ya hau ko taƙi ɗaya ba, da batir cike tam. Da zarar an sa tiyo aka ce ruwan ya hau gefen jirgi ya fita, abin da famfon ke bayarwa yakan ragu ƙwarai, wani lokaci zuwa rabi. A nawa jirgin an tara duk abubuwan da ke rage shi. Tiyon irin mai ƙulli-ƙullin nan ne na injin wanki, wanda cikinsa ke riƙe ruwa, ya kuma fi ƙima tsawo, har ya yi lanƙwasa a tsakiya inda ruwa ke kwanciya ya toshe iska. Wayar siririya ce irin ta rediyo, an murɗa ta da hannu an naɗe da salatif, mahaɗin kuma yana kwance a cikin ruwa, tagullar ta koma kore. Da mai shagon ya ɗora mitarsa a kan batir ya ga volt 12 da ɗoriya, ya sake aunawa a bakin famfon yana aiki, sai ga shi wutar da ke isa wurin ta yi ƙasa sosai. Da ya ɓalle rariyar da ke ƙasan famfon kuwa, ɓawon karfasa da yashi sun toshe fiye da rabinta, zaren koma kuma ya nannaɗe 'yar farfelar ciki har ya yi ƙulli, sai da ya sa tsinken waya ya riƙa zaro shi sili-sili.

Famfon da kansa lafiyarsa ƙalau. An sa masa gajeren tiyo mai santsin ciki na milimita 19, wanda shi ne daidai bakinsa, yana hawa kai tsaye ba lanƙwasa, bakinsa na fita yana sama da layin ruwa sosai ko da jirgin ya ɗauki kaya, domin idan bakin ya nutse tiyon na iya juyewa ya riƙa zuƙo ruwan tafki zuwa cikin jirgi. An sa waya mai kauri, aka ɗaga mahaɗanta sama da inda ruwa ke kaiwa, aka rufe su, aka kuma sa fiyus kusa da batir. Na tambaye shi ko zai sa ɗan bawul ɗin nan mai hana ruwa komowa, saboda duk lokacin da famfon ya tsaya ruwan da ke cikin tiyo yakan gangaro ya dawo. Ya ƙi, kuma hujjarsa ta gamsar da ni: irin wannan famfo ba shi da ƙarfin turi, ƙaramin datti na iya maƙale bawul ɗin, a ji famfo yana ƙara alhali ko ɗigo ba ya fita. Ruwan da ke komowa daga gajeren tiyo bai wuce kofi biyu ba, kuma famfon dama ba ya iya tsotse ruwa har ƙasa, kullum sai ya bar ɗan saura da za a goge da soso. Wanda ya ga wannan saura kada ya ɗauka famfonsa ya lalace.

Game da makunnin nan mai tasowa da ruwa ya kunna famfo da kansa, ra'ayin mai shagon rabi da rabi ne, nawa ma haka. Yana da amfani ga jirgin da ke kwana a ruwa da damina, muddin an haɗa shi kai tsaye da batir ta fiyus ɗinsa, ba ta makunnin da ake kashewa idan za a tafi gida ba. Amma a jirgin kamun kifi, inda ɓawon kifi da igiya da leda ke yawo a ƙasa, yakan maƙale a ƙasa ya ƙi kunnawa, ko ya maƙale a sama famfon ya yi ta gudu babu ruwa har batir ya mutu. Ya sa mini shi a cikin ɗan akwatin roba mai huje-huje, ya kuma gargaɗi yarana su riƙa ɗaga shi da yatsa kowace safiya su ji ko famfon ya amsa. Ya nanata musu cewa kada su kuskura su kunna famfon idan sun ji warin fetur a ruwan, musamman da yake jarkokin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake saye a bakin hanya, ba kasafai murfinsu ke rufewa da kyau ba, tartsatsi ɗaya daga sakakkiyar waya ya isa. Kuma ya ƙi yarda a fitar da bokitin kwarfa daga jirgin. Lissafin yana bayansa, domin ɓula mai faɗin santimita 2 da rabi, a zurfin santimita 30 ƙasa da layin ruwa, tana shigo da fiye da lita 2,500 a awa ɗaya, wanda ya zarce abin da aka rubuta a jikin famfona tun kafin a cire ragin tiyo. Kututturen itace ɗaya a ƙarƙashin ruwa na iya yin ɓular da ta fi wannan.

Batir shi ne inda matsalolin biyu suka haɗu. Batir mai volt 12 idan ya cika kuma ya huta yakan nuna 12.6 ko 12.7 a mita, idan ya sauko 12.2 to kusan rabinsa ya tafi, kuma batirin mota da yawancinmu ke amfani da shi ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi har ƙasa ba, yin haka a kai a kai na kashe shi cikin 'yan watanni. Sabbin masu jirgi da yawa suna ɗauka cewa inji na caja batir yayin tafiya, alhali yawancin injinan da ake tayarwa da igiya ba sa yin haka sai an ƙara musu na'urar da ke daidaita wutar. Shawarar da ya ba ni, wadda na bi, ita ce a raba: famfo da batirinsa da ƙaramin faifan sola mai na'urar kayyade caji, na'urar gano kifi kuma da nata ƙaramin batir irin na babur, tunda abin da take ci bai kai amfiya ɗaya ba.

Na'urar tawa Garmin Striker 4 ce, mai allo inci 3.5, kuma kamar famfon, ba a sami laifin komai a jikinta ba. Yadda take aiki shi ne kunnen yana aika sauti ƙasa, sautin yana tafiya a ruwa da saurin kusan mita 1,500 a daƙiƙa, ya bugi ƙasa ko wani abu ya dawo, na'urar ta auna lokacin ta mayar da shi zurfi. Babban maƙiyin wannan sauti shi ne iska. Kumfa kaɗan a fuskar kunnen ta isa ta makantar da shi, kuma wannan ne ya sa lambar zurfi ke ɓacewa da an ba inji wuta, domin an kafa kunnen ya yi sama da yawa, daidai bayan wani tudu da ke ƙasan jirgin wanda ke tayar da kumfa, kuma dab da farfela. Mai shagon ya mayar da shi gefen dama, nesa da farfela da fiye da santimita 38 kamar yadda littafin na'urar ya ce, ya saukar da shi 'yan milimita ƙasa da gindin jirgin, ya daidaita fuskarsa ta kalli ƙasa sak. Bai tsaya nan ba, ya shiga jirgin da kansa muka fita, yaronsa na tuƙi, shi kuma yana leƙe a baya yana duba inda ruwa ke fita sumul da inda yake tafasa, aka dawo ya ɗan ƙara gyara shi. Masu gyara kaɗan ne za su jiƙa wandonsu saboda wannan.

Ga masu jirgin katako akwai abin da ya kamata su sani kafin su kashe kuɗi. Ana iya manna kunnen a cikin jirgin faiba marar katako a tsakiya sautin ya ratsa, amma ba ya ratsa katako. Na ga wani bawan Allah da aka manna masa kunnen a cikin jirginsa na katako don gudun kada ya bugi dutse, na'urar ba ta taɓa nuna masa komai ba, har ya yanke cewa jabu ce. Irin waɗannan jirage mai shagon yakan yi musu sandar ƙarfe da ake maƙalawa a gefe, a saukar da ita idan an isa wurin su, a ɗage idan za a shiga gaɓa ko ciyawa.

Layukan tsaye da ke cika allo idan famfo ko inji na aiki sun tafi bayan an raba batir, aka kuma janye wayar kunnen daga jikin wayoyin inji da aka ɗaure su tare. Ya hana a yanke ragowar wayar don ta yi tsawo, ya naɗe ta a gefe. Ya ce a riƙa goge fuskar kunnen da tsumma da ruwan sabulu idan gansakuka ta kama ta, kada a sa fetur ko wuƙa, kada kuma a bar na'urar a kunne na dogon lokaci jirgi yana gaɓa.

Batun kifin ƙarya shi ne inda na fi ƙaruwa, kuma a nan ne bayaninsa ya fi na kowa da na saurara. Akwai wani saiti da ke sa na'urar ta zana ɗan hoton kifi a duk inda wani abu ya maido da sauti tsakanin sama da ƙasa, ko da reshe ne ko leda ko kumfa ko igiyar komar wani. Tafkin Lagdo daji ne da gonaki da ruwa ya mamaye, akwai itatuwa a ƙarƙashinsa, da damina kuma kogi na kawo ciyawa da tarkace, saboda haka allo yakan cika da kifin da babu shi. Ya kashe wannan saiti, ya rage ƙarfin ji na na'urar daga inda yarana suka ƙure shi, ya nuna musu yadda kifi na gaske ke fitowa kamar baka idan jirgi ya bi ta kansa a hankali, yadda garken ƙananan kifi ke fitowa dunƙule, da yadda ƙasa mai dutse ke ba da layi mai kauri da ƙarfi, mai laka kuma ta ba da mai rauni. Ya nuna musu ƙasa ta biyu da ke fitowa a daidai ninkin zurfin gaskiya, wadda amsa-kuwwa ce kawai. Ya kuma bayyana bambancin nau'in sauti biyu da na'urar ke aikawa, mai kilohaz 77 da mai 200: na farko yana buɗewa da faɗi, a zurfin mita 10 yana duba da'irar da ta kai mita 8, na biyu kuma siriri ne, bai kai mita 3 ba a wannan zurfi, amma ya fi fayyace abu. Ke nan a ruwa marar zurfi, mita 2 ko 3, na'urar ɗan wuri ƙanƙani take gani, inji kuma ya riga ya kori kifin. Wanda sunsa na bakin gaɓa ne, ko na wurare marasa zurfi irin yawancin tafkin Chadi da Maga, amfanin da zai samu kaɗan ne, mai shagon kuma yana faɗa wa masu zuwa haka ƙarara tun kafin su saya. Tarwaɗa da kurungu da ke manne da ƙasa sukan saje da layin ƙasan, kuma na'urar ba ta san bambancin giwan ruwa da tsage ba. Abin da ta fi yi mana amfani a kai shi ne gano tsohon kwarin kogi da ramuka da itatuwan da ke yaga koma, da kuma ajiye alamar wurin da GPS ɗinta, wanda ke riƙe wurare amma ba shi da taswira.

Da sauran abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ba ƙanana ba ne. Mai shagon ba ya cika alkawarin lokaci. Idan masunci ya zo da injin da ya mutu da kifi a jirgi, sai ya ajiye aikinka ya koma can, wanda ana iya yi masa uzuri, amma ba ya kira ya sanar da mutum, ga wanda ya taso daga Garwa kuwa wannan asarar yini ce da kuɗin mota. Ba ya ba da rasit, ba ya kuma yanke farashi tun farko, sai an gama ya faɗi jimla guda ta aiki da kaya a haɗe, kuma na lura jimlar takan ɗan hau idan mai jirgi ya zo da mota. Kuɗin da na biya bai fi ƙarfin aikin ba, amma ina ba da shawarar a nemi ya rarrabe kuɗin kowane abu kafin ya fara, a kuma rubuta a gabansa. Yaransa suna da gaggawa idan ba ya nan; ɗaya daga cikinsu ya juya wayoyin famfon, ya riƙa juyawa da baya yana fitar da ruwa kaɗan, sai da maigidan ya dawo ya gane daga ƙarar. Baƙin man inji kuma a ƙasa suke zubar da shi, 'yan taku kaɗan daga ruwan da mutane ke sha kuma suke kamun abinci a cikinsa, na yi masa magana ya ce za a gyara, ban ga alama ba.

Iyakar iliminsa ita ce waya da kafawa da saiti. Idan allon na'ura ya fashe, ko ruwa ya shiga cikinta, ko kunnen ya mutu, ba ya buɗe ta, yakan faɗa maka gaskiya cewa ba aikinsa ba ne. Kayan gyara ma ba ya ajiyewa sai famfo ɗaya ko biyu da fiyus da tiyo, saboda haka wanda zai je ya taho da waya mai kauri da rezin daga Garwa, ya kuma haɗo da littafin na'urarsa, ko da na Turanci ne ko Faransanci, domin yana amfani da zanen da ke ciki. Lokacin da ya fi dacewa a kai masa jirgi shi ne hutun su, wato lokacin hana kamun kifi, da hukumar kiwo da kamun kifi ke sanyawa a tafkin daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da ba ya fama da injinan gaggawa, sai dai aikin rezin yana son bushewa, damina kuma ba ta cika bayarwa ba, don haka duk abin da ya shafi huda ko cike allon bayan jirgi gara a yi shi da rani, a bar aikin waya da famfo zuwa lokacin hutun.